Lambar da Madam Selina Ta Rubuta a Bango

Madam Selina Zira gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya kamar kullum ana kiranta a wani wuri. Tana goye iyayenta suka sauko Mubi daga duwatsun Michika. Uban ya kama noman dawa da gyaɗa a wajen Digil, uwar tana tuyar ƙosai a bakin tasha. Ita ce ta fara wuce firamare a gidansu, kuma da ta gama kwalejin horon malamai ba ta nemi aikin ofis ba, alli ta ɗauka, ta shiga koyar da lissafi.

Ni sunana Na'imatu, malamar Hausa ce. Kakannina fatake ne daga ƙasar Katsina, amma a Mubi aka haife ni. Ni da Madam Selina mun zauna ɗakin malamai guda a wata makarantar kuɗi da wani dattijo, Baba Jatau, ya gina a bayan gari, har furfura ta fara fito mana tare. Abin da aka yi mata a kan idona aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Hausarta irin ta Mubi ce, ba ruwanta da mace ko namiji a magana. Na sha gyara mata, har ranar da ta ce mini, "Malama, ke ki gyara Hausa na, ni in gyara lissafin ki, mu ga wanda zai fara gajiya." Daga nan na kama bakina.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi kowa ya kama gabansa. Ita da mijinta Zacharia, wanda kafinta ne, suka bi hanyar Maiha a ƙafa, suka tsallake mayo, wato kogi, da kaya a ka, suka fake wurin dangi a cikin duwatsu. Da aka dawo muka iske makaranta kango. Benci an yi makamashi da su, littattafai sun zama toka, allunan bango an farfasa. Yaran ma ba yadda muka san su suka dawo ba. In salansar babur ta yi ƙara a titi sai ka ga aji guda ya kwanta a ƙasa. Ba sa iya zama wuri ɗaya, ba sa riƙe abin da aka gaya musu.

Wata safiya Madam Selina ta shigo aji da gawayi a leda. Ta je jikin bango ta rubuta ɗaya sau biyu. Yara suka ce biyu. Ta ce a ninka da uku, suka ce shida. Da huɗu, ashirin da huɗu. Da biyar, ɗari da ashirin. Kafin su kai goma amsar ta haura miliyan uku, yaran suka fara dariya don mamakin yadda abu ke kumbura a gabansu. Wata yarinya ta ce, "Madam, ina za mu tsaya?"

Ta ce, "Ɗari."

Ba wasa take yi ba. Kowace Juma'a, bayan an gama darasin manhaja, sai ta raba aji gida biyu, kowane ɓangare ya ninka lambar da aka tsaya a kai da lamba ta gaba, da hannu, ba kwafar juna. In amsa ta zo ɗaya an ci gaba. In ta saɓa, a koma a nemo inda aka yi tuntuɓe, ko da zai cinye makonni. Ta koya musu wata dabara ta gwaji: a tara ƙwayoyin lambar ɗaya bayan ɗaya, in jimillar ba ta rabu da tara ba, to akwai kuskure a ciki. Yaran da ba sa iya zama sai ga su durƙushe a siminti suna gardama a kan wa ya manta da ɗaukar bakwai zuwa layi na gaba. Wani aji ya gama makaranta ya tafi, na bayansa ya ɗauka daga inda aka tsaya. Da suka kai saba'in wani malami ya kawo kalkuleta don ya taimaka, kalkuletar ta ƙi, ta ce abin ya fi ƙarfinta. Ranar yaran suka yi ihu har Baba Jatau ya fito daga ofis yana tambayar lafiya.

Da aka kai ɗari, lambar ta tsaya da ƙwayoyi ɗari da hamsin da takwas. Ta fara da tara, uku, uku, biyu, shida, ta ƙare da dogon jerin sifili. Wani malamin lissafi na kwaleji ya duba ta a kwamfuta ya ce ko ƙwaya ɗaya ba a kuskure ba. Baba Jatau da kansa ya sayo shuɗin fenti, Zacharia ya ja layi da igiya a bangon makaranta na waje, mai kallon titi, matarsa na karanto masa yana rubutawa. Tun daga bakin ƙofa lambar ta miƙe har kusurwar da masu mangwaro ke zama.

A jikin bangon nan take yin darasi. Ni da nake tsoron lissafi tun ina yarinya, a nan na fahimci cewa lambobi iri biyu ne. Akwai waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, kamar biyu da uku da bakwai da goma sha ɗaya. Akwai kuma masu rabuwa, waɗanda aka gina da waɗancan. Ta bango tana cikin masu rabuwa, kuma duk tsawon nan nata, da ƙananan lambobi marasa rabuwa guda ashirin da biyar aka gina ta, babbarsu casa'in da bakwai. Duk lambar da ka zaɓa daga ɗaya zuwa ɗari za ta raba ta ba saura. Za ka yi ta raba ta biyu sau casa'in da bakwai kafin ta ƙi.

Madam Selina tana son ta tsayar da sababbin ɗalibai a ƙarshen bangon ta ce su ƙirga sifili. Su ce ashirin da huɗu. Ta ce, "Me ya sa ba ashirin ba?" Sai ta bar su su yi ta kai-komo. Amsar ita ce duk inda biyar ta haɗu da biyu sai a haifi sifili. Daga ɗaya zuwa ɗari akwai lambobi ashirin masu biyar a cikinsu, amma ashirin da biyar, da hamsin, da saba'in da biyar, da ɗari, kowaccensu biyar biyu take ɗauke da su. Ranar da yaro ya gano wannan da kansa, sai ka ga fuskarsa ta buɗe.

Ga manyan ɗalibai kuwa tana da wani abin. Ɗari da ɗaya ba ta raba lambar bango, amma in aka ƙara wa lambar ɗaya tak, sai ɗari da ɗaya ta raba ta tsaf. In aka ƙara biyu, biyu za ta raba. In aka ƙara uku, uku za ta raba. Haka har ɗari, lambobi casa'in da tara a jere, babu marar rabuwa ko ɗaya a tsakaninsu. Abin da ke bangon ke nan, ba ƙari. Aikin yara ne da suka dawo daga gudun hijira suka koyi zama wuri ɗaya.

Sai Baba Jatau ya rasu. Ɗansa Kalibu ya dawo daga Abuja ya karɓi makarantar. Ya sake ƙofa, ya sake kayan makaranta, ya sa a riƙa kiransa Darakta. Ba mugu ba ne a fuska, yana da fara'a, yana ce wa Madam Selina "Mama". Amma mutum ne da in iska ta kaɗa yake duba inda ta nufa kafin ya san ra'ayinsa.

Cikin zafin bazara, ana taron safe a gefen bangon, wata yarinya 'yar aji biyu mai suna Vanessa ta yanke jiki ta faɗi. Ba a rufe mako ba wasu biyu suka faɗi. Duk wanda ya san Mubi a watan Maris ya san abin da rana ke yi wa yaron da ya fito gida ba karin kumallo aka tsayar da shi a fili. Aka kai Vanessa asibiti.

Tana da kawu, Joel, mai sayar da caja da murfin waya a kasuwa. Shi ya zo ya tsaya a titi ya ɗauki bidiyon bangon. A wani wuri cikin lambar akwai shida, biyu, shida, shida a jere. Joel ya ɗora yatsansa a kan biyun ya rufe ta, ya matso da waya, ya ce jama'a su gani da idonsu, shida guda uku a jere, lambar Dujal, a bangon da 'ya'yansu ke tsayawa kowace safiya. Na kalli bidiyon nan. Yatsan yana nan ɓaro-ɓaro, har da farcensa. Ba wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin yatsan.

Kafin Lahadi bidiyon ya zaga wayoyin gari. Kada wani ya ce Kiristoci ne kaɗai suka yi wannan aika-aika, don namu Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Alhaji Shafi'u mai shagon atamfa, wanda 'ya'yansa uku suka ci jarrabawa a hannun matar nan, shi ya ce ai hatimi ne aka shimfiɗa a tsaye, sifili ashirin da huɗun nan kuwa kawunan yara ne da aka yi alkawari, an fara da uku. Mutanen da ba sa haɗuwa a kan komai sai ga su sun haɗu a kan mace guda mai alli a hannu.

Darakta ya kira taron iyaye. Aji ya cika har tagogi. Madam Selina ta zo da allo ƙarami a hammata, a zatonta tambaya za a yi mata ta amsa. Ta miƙe ta ce, "Iyaye, ku ba ni minti kaɗan. Wannan lamba yaran ku ne suka yi shi. Ɗaya sau biyu, sau uku..."

Joel ya daka tsawa, "Kada ku bari ta karanta! Karantawar ce ke kama yara!"

Wuri ya kaure. Wata mata ta toshe kunnen ɗanta da hannu biyu. Na miƙe na ce, "Joel, ka zo mu fita waje yanzu, ka ɗaga yatsanka daga bangon, kowa ya ga abin da ka rufe." Ya ce ni ma a bincike ni, kullum tare muke cin abinci. Faston cocin su Madam Selina, tsoho mai sanda, ya ce ya san matar nan tun tana yarinya cikin mawaƙan coci, kuma shi ma ya yi lissafi a makaranta, wannan ninkawa ce kawai. Aka ce tsufa ya kama shi. Uwar Vanessa tana can baya a rakuɓe. Ta ɗaga murya da ƙyar ta ce likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, yarinyar har ta fara cin abinci. Na ji ta, na kusa da ita sun ji ta. Joel ya juya ya ce, "Ke yi shiru, ba ki san komai ba." Ta koma ta rakuɓe.

Duk wannan Darakta na zaune yana juya makullin mota a yatsa. Da hayaniya ta lafa ya ce ya ji koken iyaye, kuma makaranta za ta ɗauki mataki.

Washegari ya kira ta ofis. Ta ce in raka ta, na bi ta. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ya ce, "Mama, ni na san lissafi ne. Na yi shi a jami'a. Babu komai a bangon nan."

Ta ce, "To me ya sa ba ka faɗa jiya ba?"

Ya ce, "Mama, iyaye su ne makaranta. In suka kwashe yara, ni da ke duk mun tashi. Abu kaɗan nake roƙo. Ranar Litinin a taron safe ki ba su haƙuri, ki ce ba ki san abin zai zama haka ba. Sai ki ɗauki burushi ki fara shafewa da hannunki, masu fenti su ƙarasa. Shi ke nan, magana ta mutu."

Na ce, "Darakta, haƙurin me? Laifin me ta yi?"

Ya ce, "Malama, ba da ke nake ba."

Madam Selina ba ta ko taɓa kofin ruwan ba. Sannan ta ce, "Kalibu, bango na baban ka ne, yanzu naka ne. Ka shafe in kana so. Amma in na tsaya gaban yara na ce abin da suka yi da kan su mugun abu ne, gobe da wane baki zan ce musu biyu sau biyu huɗu ne? Ba zan yi ba."

Ya ce to ta je gida ta huta har ƙura ta kwanta. Hutun da ba a sake kiranta ba ke nan. Ko takardar sallama ba a ba ta ba, balle taron ban kwana. Matar da ta dawo makarantar nan tana kango ta tashe ta da gawayi, ta fita da jakarta da ƙaramin allonta ta ƙofar baya, don wasu iyaye na tsaye a ta gaba.

Ranar Asabar aka shafe bangon da fenti ruwan ɗorawa. Bayan mako biyu aka zana tallar makaranta a wurin, da hoton wasu yara Turawa suna dariya a gaban kwamfuta, kwamfutar da ko ɗaya ba mu da ita. Yara kuwa suka ci gaba da faɗuwa a taron safe har ruwan sama ya sauka gari ya yi sanyi, amma wannan karon ba wanda ya ɗauki bidiyo. Darakta ya sa aka mayar da taron ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, a nitse, ba sanarwa.

Da a makaranta abin ya tsaya da sauƙi. A unguwa mata suka daina aiko yara ɗiban ruwa a rijiyar gidanta. A coci benci ya riƙa yin fili a gefenta. Wata rana a kasuwa mai tumatir ta ƙi karɓar kuɗi daga hannunta, ta ce ta ajiye a ƙasa. Zacharia, wanda rabin kujerun unguwar shi ya ƙera su, aiki ya ɗauke masa, don an ce shi ya riƙe burushin. Tsofaffin ɗalibanta da ke jami'o'i sun yi ta rubutu a waya suna kare ta, wasu har suka sa hoton bangon ba yatsa. Waɗanda suka yaɗa na farkon ba su yaɗa wannan ba. Vanessa ta warke sarai ta koma aji. Joel yana nan a rumfarsa, har ƙara ta ya yi. Alhaji Shafi'u, da na tare shi a shagonsa, cewa ya yi shi ma ji ya yi ana faɗa, in kuma bar tayar da abin da ya wuce. Wai ya wuce! Ga wanda bai rasa komai ba, ai komai saurin wucewa yake.

Kafin damina ta gaba suka sa kwaɗo a gidan suka koma Betso, inda Zacharia ke da gonar gado. Can take noman gyaɗa da wake, tana kiwon awaki. Makaranta kuwa ta yi ta sauya malaman lissafi, wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi, sakamakon jarrabawa ya zube.

Bara Darakta ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. 'Yarsa Dorcas, wadda ta taɓa zama a ajin Madam Selina, ta faɗi lissafi a jarrabawar fita sakandare, kuma likita yake so ta zama. Ya ce ko zan yi wa Mama magana ta karɓe ta a lokacin hutu, amma a yi abin a rufe, kada iyaye su ji. Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Na karɓi saƙon ne kawai don ina so in ji da kunnena yadda za ta wanke shi.

Na hau acaɓa zuwa Betso. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta rame, ta yi baƙi, amma saurin hannun yana nan. Na zayyana mata saƙon, har da "kada iyaye su ji", na gyara zama ina jira.

Ta ce, "Dorcas? Mai zama kusa da taga? Yarinyan yana da kai, tsoro ne kawai yake ji. A kawo shi."

Na ce, "Madam! Bayan duk abin da ubanta ya yi miki? Ko haƙuri bai bayar ba!"

Ta ce, "Uban ne ya faɗi jarrabawa?"

Na ce aƙalla ta sa sharaɗi, ya tara iyaye ya faɗi gaskiya. Ta ce sharaɗinta ɗaya ne, yarinyar ta zo da takalmin gona, don da safe kowa a gidan gona yake zuwa, karatu sai an dawo. Ta tura mini kwaryar gyaɗa ta ce in sa hannu in daina huci.

Dorcas ta yi hutun a Betso, ta sake jarrabawa ta ci. Kalibu ya aika direba da buhun shinkafa, shi bai je ba. Madam Selina ta karɓa ta raba wa maƙwabta. Na ce mata da ni ce, da ƙofa zan nuna wa direban ya koma da kayansa. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ni aka aiko wa ba.